DARASI: DAGA JAKARA ZUWA TAFKIN CHADI, LABARIN KOGIN KOMADUGU YOBE

Darasinmu na wannan wata a kan kogi yake. Idan aka tambayi mazaunin Fagge ko Sabon Gari ya ambaci babban kogin da ya ratsa ƙasashe, ba shakka zai ce Kwara, ko kuwa Nilu na ƙasar Masar. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mu kanmu a bisa kan wani kogi irin wannan muke zaune. Kogin nan yana da sunaye da yawa, gama kowace ƙasa da ya bi takan raɗa masa nata. A nan muna ce da shi Kogin Kano da Kogin Challawa. Can gaba ya zama Kogin Wudil, sa'an nan Kogin Haɗeja. Da ya wuce Gashuwa sai Barebari su kira shi Komadugu Yobe, kalmar komadugu kuwa a harshensu kogi take nufi. A ƙarshen tafiyarsa shi ne iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, har ya zuba cikin Tafkin Chadi.

Abin da muke so mu gane cikin wannan darasi shi ne, mu mutanen Kano a kan kogin muke, waɗansu miliyoyin mutane kuwa a wutsiyarsa suke. Abin da muka ɗiba daga cikinsa da abin da muka zuba a ciki, su ne suke yanke wa waɗancan irin shekarar da za su yi, su da kifayensu da dabbobinsu da tsuntsayen da suke sauka wurinsu.

1. RUWAN DA KE ƘOFAR GIDANMU

Bari mu fara da abin da muka sani. Rafin Jakara yakan taso daga cikin birnin Kano, kusa da Kasuwar Kurmi, ya bi ta gefen Fagge da Sabon Gari, ya nufi arewa maso gabas. A hanya rafin Getsi, wanda yake ɗauko ruwan masana'antun Bompai, yakan haɗu da shi. Daga nan sai su tafi tare zuwa madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Bayan Wasai hanyar rafin takan ɓace cikin rairayi, amma ruwan bai fita daga kwarin Haɗeja ba, yana nan yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, yana shiga rijiyoyin mutane.

Yaron da ya tashi yau ya ga Jakara cike da leda da baƙin ruwa, da wuya ya yarda cewa saboda wannan ruwa ne da albarkar ƙasar da ke kewaye da shi mutane suka zauna a gindin Dala tun da fari. Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara tun zamanin Barbushe. A bakinsa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar da fadama ta raba birnin kusan gida biyu, agwagin daji da waɗansu tsuntsayen ruwa suna sauka a cikinta. Watau, inda muke toshe hanci a yau, dā masaukin tsuntsaye ne.

Ruwan famfon da muke sha kuma daga wannan kwari yake. Tun farkon shekarun 1930 aka soma jawo wa birnin Kano ruwa daga Kogin Challawa ta wajen Panshekara, daga baya aka ƙara matatar Tamburawa a bakin Kogin Kano. Saboda haka duk wanda ya sha ruwa a Titin Faransa ko a Kantin Kwari, ya sha daga kan Komadugu ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

2. INDA KOGIN YA FARO DA HANYAR DA YA BI

Kogin yana da manyan hannuwa biyu. Na fari shi ne namu. Kogin Kano yakan taso daga duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, can kudancin jihar, inda ƙasa ta soma tashi zuwa tsaunukan Jos. Yakan ratsa dajin Falgore, ya shiga madatsar Tiga, ya fito ya yi arewa. Kogin Challawa kuwa daga yamma yake zuwa, ta ƙasar Ƙaraye, yana karɓar ruwan Watari a hanya. Su biyun sukan haɗu kudu da birni, su wuce ƙarƙashin gadar Wudil, su shiga Jihar Jigawa ta wajen Ringim, har Haɗeja.

Hannu na biyu shi ne Kogin Jama'are. Shi daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa Jihar Bauchi ta Jama'are da ƙasar Katagum. Hannuwan nan biyu sukan gamu kusa da Gashuwa a Jihar Yobe. Daga nan kogin ya zama ɗaya, ya wuce Gaidam, ya karɓi ƙaramin kogin nan Komadugu Gana kusa da Damasak, sa'an nan ya bi iyakar ƙasashen biyu na wajen kilomita 150. Garin Diffa yana gefen Nijar. A bakin tafki, Bosso tana arewa, Malam Fatori tana kudu. Faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikin wannan kogi ya kai wajen murabba'in kilomita 148,000, ya kuma shafi jihohi shida na Nijeriya, watau Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, tare da yankin Diffa na Nijar.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta wannan kogi da su Kwara da Binuwai, ya kamata mu riƙe shi sosai. Yawancin koguna, in suna tafiya sai ƙara girma suke yi. Wannan kuwa ramewa yake yi. Dalilin haka biyu ne. Na ɗaya, ruwan sama. A Jos akan sami wajen milimita 1,300 a shekara, a Kano wajen 800 zuwa 900, a Nguru bai cika wuce 500 ba, a bakin Chadi kuma ƙasa da haka. Na biyu, irin ƙasar. Daga mafari har zuwa wajen Wudil, ƙarƙashin ƙasa dutse ne mai tauri, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gudu a bisa ya cika rafuffuka. Daga Wudil zuwa gabas kuwa rairayi ne da yumɓu masu zurfi, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kogi ba ya samun wani ƙari na kirki, sai dai rana ta sha, ƙasa ta sha. Ashe ke nan kusan dukan ruwan da mutumin Gaidam ko na Diffa zai gani a kogi, a ƙasashen Kano da Filato da Bauchi ya sauka daga sama.

Ruwan kuma ba ya sauri. Cikar kogi takan kai ƙarshenta a Wudil cikin watan Agusta, a Gashuwa wajen Satumba da Oktoba, a Diffa kuwa sai Nuwamba, sa'ad da mu nan mun riga mun shiga hunturu. Daga wajen Maris zuwa Yuni, ƙasan kogin yakan bushe, sai 'yan kududdufai nan da can.

3. FADAMAR HAƊEJA DA NGURU

Da kogin ya wuce Haɗeja sai ya tarar da tsofaffin tuddan rairayi, waɗanda iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa kaiwa can, shekaru dubbai da suka wuce. Tuddan nan sukan raba ruwan kashi kashi. Wani ya bi mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyar kogi. Da damina sai ruwan ya malala tsakanin tuddan, ƙauyuka su zama kamar tsibirai, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. Wannan ita ce fadamar Haɗeja da Nguru. A shekarun 1950 da 1960, ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau.

Mu mutanen gari, in muka ji kalmar ambaliya, sai mu tuna da rushewar gidaje. Amma ga mutumin fadama, ambaliyar da ta zo a kan lokacinta ta kuma janye a kan lokacinta, ita ce rumbunsa. Ku duba yadda fili guda yake ciyar da mutum huɗu cikin shekara guda. Kafin ruwa ya iso, manomi ya shuka shinkafa, tana girma tana bin tashin ruwa. Sa'ad da ruwa ya cika, masunci ya shiga da koma da gora da mali. Da ruwa ya soma janyewa, wani ya bi damshin ƙasa ya shuka wake da masara da kabewa da guna, ba tare da ban ruwa ba. Can cikin rani, makiyayi ya kawo shanunsa su ci burugu da sauran ciyawar da ta rage kore, su bar taki. Ban da wannan, ruwan da ya nutse shi ne yake cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi, shi ne kuma yake raya goruba da giginya da gabaruwa da giyayya. Tabarmar kaba da faifai da igiya da muke saye a kasuwa, da yawansu daga wannan ƙasa suke.

Zaman mutum a bakin kogin nan ba na jiya ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani katako. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka auna shekarunsa aka tarar sun kai wajen 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A bakin wannan kogi ne kuma Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, ya zama babban birnin daular Borno har zuwa 1808. Har wa yau Badawa sukan yi bikin kamun kifi a Gogaram, ba da nisa da Gashuwa ba.

4. KIFAYE DA DABBOBI

Kifayen kogin nan sanannu ne gare mu, gama mukan gan su a faranti ko da ba mu taɓa ganin ruwansu ba. Akwai tarwaɗa da karfasa da kurungu da kawara da bargi da tsage da giwan ruwa da minjirya mai girgiza hannun wanda ya taɓa ta. Rayuwarsu duka a kan ambaliya take. Sa'ad da ruwa ya haura gaɓa, sukan bi shi su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da mafaka a ruwa marar zurfi. Da ruwa ya soma komawa sai su biyo shi zuwa kogi da tafkuna. In ambaliya ta yi faɗi, kifi ya yi yawa a shekara mai zuwa. In ta ƙanƙance, masunci ya sani tun kafin ya jefa koma.

Waɗansu kifayen an yi su daidai da kogin da ke bushewa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa takan daɗe cikin taɓo, har ta ja jiki a kan damshi daga wannan kududdufi zuwa wancan. Gaiwa ta fi ta ban mamaki. Ita huhu gare ta. In ruwa ya ƙafe sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda zai bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta shan iska. Haka za ta kwanta watanni, tana rayuwa da abin da ke jikinta, har damina ta dawo. Kakanninmu sun lura da wannan, shi ya sa suka ce gaiwa jikinta take ci.

Manyan dabbobi kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Dajin Falgore, wanda dā ake kira dajin Kogin Kano, an keɓe shi tun 1949, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Tsofaffin mafarauta sun san shi da ɓauna da gwanki da gadu da damisa. Farauta da saran itace da kiwo sun rage su, abin da aka fi gani yanzu shi ne birai da ƙananan namun daji. A fadama ma dorina da kada sun ja baya zuwa wajen Tafkin Chadi, an bar guza da kififiya da jan biri da dila. A tsibiran tafkin ne Buduma suke kiwon shanun nan da ake kira Kuri, masu manyan ƙahoni kamar tulu, waɗanda sukan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa.

5. BAƘI MASU FIFFIKE

Abin da ya fi sa sunan wannan fadama ya fita duniya shi ne tsuntsaye. An ƙidaya iri fiye da 370 a cikinta. Akwai 'yan gida, waɗanda suke nan kullum ko suke zagayawa cikin Afirka, kamar su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela da jinjimi da kwasakwasa. Gauraka mai tukku, wadda dā ake ganinta garke garke, yanzu ganinta ya zama da wuya, saboda kamu da bushewar wuraren da take sheƙa. Shamuwa kuwa takan zo mana daga kudancin Afirka gab da damina, ta yi sheƙa a bisa itatuwan cikin gari, shi ya sa manomi in ya gan ta yakan soma gyaran gona.

Sai kuma baƙi daga nesa. Daga wajen Oktoba, sa'ad da sanyi ya daskarar da tafkunan Turai da Rasha, dubban agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa sukan taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, tafiyar kilomita dubbai. Wurin ruwa na fari da za su tarar bayan hamada, a wannan sashe na Afirka, shi ne Tafkin Chadi da fadamar Haɗeja da Nguru. Nan za su zauna har Maris, su yi ƙiba, su koma gida su yi ƙwai. A shekara mai ruwa akan ƙidaya tsuntsayen ruwa dubu ɗari biyu ko fiye. Ku yi tunani, 'yan'uwa, tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a Siberiya, ransa yana rataye a kan ruwan saman da ya sauka a Tudun Wada da Doguwa.

Saboda wannan ne aka kafa shirin kiyaye fadamar a 1987. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade. A 1991 Dagona ta shiga cikin gandun dajin ƙasa na Kwarin Chadi. A shekara ta 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma, kadada 58,100, cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, su ne na fari daga Nijeriya. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008.

6. MADATSUN RUWA: RIBARSU DA KUƊINSU

A farkon shekarun 1970 aka yi babban fari a ƙasashen Sahel. Gwamnatin Jihar Kano a ƙarƙashin Audu Baƙo ta ɗauki aikin gina madatsun ruwa da ƙarfi. Aka gama Tiga a 1974, wadda aka gina ta don ta riƙe ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan 2. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kada kowa ya raina amfanin waɗannan ayyuka. Daga Tiga ne ake ban ruwa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da alkama da tumatir suke fitowa da rani. Ba don su ba, da birnin Kano mai miliyoyin mutane bai sami ruwan sha na rani ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da aka tare a sama, an rage shi a ƙasa. Bayan Tiga, ga kuma farin shekarun 1980, faɗin ambaliya ya ragu har ya kasa rabin na dā a shekaru da yawa. Sa'an nan wata matsala ta biyo, wadda ba a yi tsammaninta ba. Dā kogin yakan cika da ƙarfi da damina, ya share hanyarsa, ya bushe da rani. Yanzu kuwa ana sakin ruwa kaɗan kaɗan dukan shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kachalla take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sai ruwa ya karkata ya taru a mashigar Marma da wajen Nguru, gonaki suka nutse shekara da shekaru, alhali waɗansu hanyoyin sun bushe sarai. Ƙauye ɗaya yana kuka da yawan ruwa, maƙwabcinsa yana kuka da rashinsa. Kachalla kuma ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Yau abin da ke isa Gashuwa daga Kogin Haɗeja kaɗan ne, yawancin ruwan Komadugu daga Jama'are yake zuwa. Shi ya sa mutanen Yobe da Borno suka daɗe suna jayayya da shirin gina madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, wadda aka fara aka dakatar.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka lissafa abin da fadama take bayarwa na noma da kifi da itace, suka gwada shi da abin da gonakin ban ruwa na Kogin Kano suke bayarwa. Suka tarar cewa, in aka auna da yawan ruwan da kowanne ya sha, fadama ta fi riba ninki da yawa. Darasin da ke ciki shi ne, ruwan da ya wuce mu ya tafi gabas ba asara ba ne, abincin wani ne.

7. RUWA BA YA NUNA FASFO

A gefen Nijar, tattasan Diffa da ake shanyawa a kawo kasuwannin Nijeriya, da ruwan Komadugu ake nomansa. Domin irin wannan haɗin ne ƙasashe huɗu, Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964. A 1990 kuma Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Komadugu da Gulbin Maraɗi. A 2006 jihohin nan shida da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusu na musamman domin gyaran kwarin.

Tafkin Chadi kansa, a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. A 1973 ya rabu gida biyu, a tsakiyar shekarun 1980 kuma ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna cewa daga baya ya ɗan farfaɗo, yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga damina. Kashi 90 cikin ɗari ko fiye na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake zuwa, ta kudu. Rabon Komadugu ƙanƙane ne, amma shi kaɗai ne kogin da ke zuba kai tsaye cikin ɓangaren arewa, wanda ya fi saurin bushewa. A kan wannan wahala kuma aka ɗora ta rikicin Boko Haram, wanda ya kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, ya raba dubban masunta da manoma da bakin ruwa. Matan da suke sayen banda a kasuwar Sabon Gari sun ga alamar wannan a farashin kifin Baga.

8. ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Ba mu ne muke buɗe ƙofofin Tiga ba, amma akwai abin da ke hannunmu.

Na fari, kwata. Ledar da aka jefa a magudanar Sabon Gari ita ce take toshe Jakara, ruwa ya dawo cikin ɗakunanmu a watan Agusta. Baƙin man inji da makanike ya tuttular, da ruwan batir, da ruwan rini, duk can suke tafiya. Binciken masana, har da na Jami'ar Bayero, ya sha nuna ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam cikin ruwan Jakara da Getsi da Challawa, daga majemu da sauran masana'antu. Da wannan ruwa ne ake ban ruwan latas da alayyafo da kabeji a bakin rafin, a kawo mana su kasuwa da safe. Abin da muka zubar da dare, shi muke saye da safe.

Na biyu, tattali. Famfon da ke zuba a titi ba mai kula, ruwa ne da aka hana wa wani ƙauye a Jigawa ko Yobe.

Na uku, murya. Da yawa daga cikinku malaman makaranta ne, da ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwa, da masu masana'antu. Masana sun daɗe suna ba da shawara cewa a riƙa sakin ruwan madatsu da yawa a lokacin damina, domin a kwaikwayi ambaliyar dā, a kuma share kachalla daga hanyoyin ruwa, a tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Irin waɗannan shawarwari ba sa tafiya sai mutanen da ke kan kogi sun goyi bayansu, gama su ne suke kusa da masu yanke magana.

Na huɗu, 'ya'yanmu. Ku nuna musu Jakara, ku faɗa musu abin da yake dā. Wanda ya sami hali ya kai su gadar Wudil cikin Agusta su ga kogi a cike, ya gaya musu cewa ruwan nan da suke kallo, in an bar shi, zai kai wata ƙasa bayan wata uku.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A ƘUNGIYOYI

1. Ku ambaci sunayen da kogin nan yake ɗauka daga Doguwa zuwa Tafkin Chadi, da garuruwan da ya ratsa.

2. Me ya sa kogin yake ramewa maimakon ya ƙara girma sa'ad da yake tafiya gabas?

3. Ta wace hanya fili guda a fadama yake ciyar da manomi da masunci da makiyayi cikin shekara guda?

4. Waɗanne abubuwa cikin abincinku da kayan gidanku ne suka fito daga wannan kogi? Ku lissafa su.

5. Ina ruwan kwatar unguwarku yake zuwa? Wane aiki ɗaya ƙungiyarku za ta iya yi a kansa kafin damina mai zuwa, wa zai shugabance shi, a wace rana kuma za a fara?